Ruwa Garau, Ciwo a Ciki: Gardamar Ƙwayoyin Cuta Daga Makola Zuwa Nima

Ranar Litinin 23 ga Maris 2020 ba a ci kasuwa a Makola ba. An rufe ta tare da sauran kasuwannin yankin Accra sama da ɗari, ma'aikata suka bi rumfa-rumfa suna feshin magani, kwana 11 bayan an gano mutum biyu na farko masu korona a Ghana. Da aka sake buɗewa sai ga bokiti mai famfo a gindi an girke a ƙofofin shiga, da sabulu a gefe, da roba a ƙasa tana tarar ruwan da ya zuba. Bokitin Veronica ake ce masa, da sunan Veronica Bekoe, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje 'yar Ghana, wadda ta ƙirƙiro shi tun a shekarun 1990 bayan ta lura ana tsoma hannu ɗaya bayan ɗaya a kwano guda, ana ganin an wanke.

Da annobar ta lafa, bokitan suka yi ta raguwa, kwanon ya dawo mazauninsa. A wurin mai tuwo, a wurin mai wake da shinkafa, a gidan suna da gidan biki a Nima da Maamobi, za ka ga ruwa ɗaya mutum goma sun wanke hannu a ciki, na sha ɗaya yana jira. In wani ya yi magana, amsar a shirye take: "Malam, mu da wannan ruwan muka girma, ga mu nan da ƙarfinmu." Wata ta ce, "Ɗana, cuta daga Allah take, ba daga kwano ba." Matasa kuma suna da tasu, wadda ake yi da dariya a duk faɗin Accra, wai ƙwayar cutar Afirka ba ta kashe ɗan Afirka.

A Amurka da Turai masu ƙin yarda cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo cututtuka masu yaɗuwa suna da littattafai da taruka. Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025, ya rubuta a littafinsa na 2021 yana jingina ga tsohon ra'ayin da ke rage matsayin ƙwayoyin cuta. Namu na Zango ba shi da littafi, ba shi da shugaba, ba wanda ya taɓa hawa mumbari ya ce ƙarya likitoci suke yi. A hannu yake, a buta, a randa, a fassarar da ake yi wa ciwo in ya zo: zawon yaro haƙori ne, amai da gudawar babba sabon ruwan sama ne ko ɗanyen mangwaro, wanda ya faɗi farat ɗaya kuma an yi masa sammu ko ya gamu da iska. Wannan ƙin yarda na shiru ya fi na masu littafi haɗari, domin mai shi bai ma san yana musun komai ba.

Shekarar 2014 ta isa misali. A watan Yuni kwalara ta ɓarke a Accra, kafin shekara ta ƙare ta kama mutum fiye da 28,000 a faɗin Ghana, ta kashe 243, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a yankin Accra suke. Asibitoci suka cika har ana ƙara wa marasa lafiya ruwa a kan benci. A daidai wannan lokacin Ebola na cin Gini, Laberiya da Saliyo, kuma ita ce ta cika bakin mutane a tasha da masallaci. Ebola ba ta kama ko mutum ɗaya a Ghana ba. Cutar da ke ɗaukar maƙwabta kuwa ana kiranta zawo, ana jiƙa mata saiwa, sai idanu sun faɗa ciki, fata ta yamushe, sannan a nemi mota.

Gwamnati ta amsa da ware Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga Nuwamban 2014, a matsayin ranar tsabtace gari. Aka fito da tsintsiya da shebur, aka yashe kwata. Aiki ne mai kyau, ba mai hankalin da zai kushe shi. Sai dai ya ƙara tabbatar wa jama'a abin da suka riga suka ɗauka, cewa ƙazanta ita ce wadda ido ya gani ko hanci ya ji. Kwalara ba ta cikin ledar da ke yawo a titi. Daga bayan gidan wanda ya kamu take fitowa, ta bi hannu, ta bi ruwa, ta bi abinci, ta shiga bakin wani. Ƙwayar kanta, mai lanƙwasa kamar waƙafi, sai an jera kusan 500 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Kofi guda zai ɗauki dubbai barkatai, ruwan yana nan garau, ba wari, ba ɗanɗano.

A nan ne maganar ta taɓo wani abu da ya kamata malaman Zango su tsaya a kansa da kyau. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a Nima ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwa a mazhabar Malikiyya: ana duba launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, in ba abin da ya sauya su, ruwa ne mai tsarki da ake alwala da wanka da shi. Hukuncin daidai ne a muhallinsa, kuma rahama ne ga matafiyi da mazaunin jeji. Tambayar da yake amsawa ita ce ko salla ta inganta. Ba a tambaye shi ko jariri zai sha ya kwana lafiya ba, kuma malaman da suka rubuta shi ba su yi da'awar haka ba. Amma yaron da ya haddace wannan ma'auni tun yana shekara bakwai, ba a taɓa gaya masa akwai wani ma'aunin daban na sha ba, zai girma yana auna ruwan randarsa da ido da harshe da hanci, kuma zai ji a ransa addini ne ya ba shi wannan awon. Kwalara, taifot da ciwon hanta mai bin ruwa duk suna wucewa ta wannan jarrabawa lami lafiya.

Abin da ke sa a ji zafin wannan shi ne, ba al'ummar da ta fi mutanen Zango kusa da tsira. Mutumin da ke wanke hannu da baki da fuska sau biyar a yini, ya ware hannun hagu ga tsarki da na dama ga ci, ya riga ya yi mafi wuyar aikin, wato sabo. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne: sabulu bayan tsarki, sabulu kafin a taɓa abinci, da ruwa mai zuba maimakon na tsomawa. Bincike da dama sun nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Butar da ke zagayawa tsakanin ban-ɗakin haya da ƙofar masallaci, hannu ɗari yana kama mariƙinta a yini, ba wanda ya taɓa tunanin wanke bayanta, domin a ido ba ta da komai.

Hujjar "da shi muka girma" kuwa ba a kore ta da tsawa, domin akwai gaskiya a cikinta. Yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa jin komai, ko su yi ɗan zawo ya wuce. Ruwan ciki mai tsami yana kashe da yawa, wanda ya taɓa kamuwa yana da ɗan kariya na wani lokaci, yawan abin da aka haɗiya ma yana da tasiri. Hajiyar da ta ce ta sha ba abin da ya same ta ba ƙarya take yi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, mai lafiyar nan yana iya fitar da ƙwayar a bayan gidansa har kwana 10, kuma shi ne ke ƙulla kunu, shi ne ke yanka kankana a faranti.

An taɓa yin wannan gardama a Jamus, tsakanin manyan masana. Robert Koch ya ware ƙwayar kwalara a Masar da Kalkata a 1883 da 1884. Wani dattijon farfesa a Munich, Max von Pettenkofer, ya ce ƙwayar ita kaɗai ba ta isa komai ba, yanayin ƙasa da turirin da ke tashi daga cikinta su ne asali. Don ya nuna gaskiyarsa, a watan Oktoban 1892, yana da shekara fiye da 70, ya ɗauki ruwa mai ƙwayoyin kwalara ya shanye a gaban shaidu. Ya yi ɗan zawo ya miƙe, ya ce to ga shi nan. Mataimakinsa Rudolf Emmerich ya gwada, shi ya sha wuya sosai, amma ya rayu.

Amsar gaskiya tana birnin Hamburg, a wannan shekarar. Mahukuntan birnin suna kan ra'ayi irin na Pettenkofer, suna ba jama'a ruwan kogin Elbe ba tacewa. Kwalara ta kashe mutum kusan 8,600 cikin 'yan makonni. Garin Altona manne yake da Hamburg, har akwai titunan da gefe ɗaya na wannan ne, ɗaya gefen na wancan, kuma daga kogi ɗaya suke ɗiba, Altona ma a ƙasan inda Hamburg ke zuba ƙazantarta. Bambancin kawai Altona na tace ruwanta ta cikin yashi. Cutar ta bi layin famfo: gidajen da ke shan na Hamburg suka yi ta fitar da gawa, na tsallaken titi kaɗan ne suka kamu. Iska ɗaya suke shaƙa, ƙasa ɗaya suke takawa. Mutum ɗaya da ya sha ya tsira ba ya zama hujja a kan dubbai, kuma waɗanda ba su tsira ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Haka yake a Zango: masu cewa da wannan ruwan muka girma, in suka ƙirga ƙannensu da aka binne kafin yaye, lissafin zai sauya.

Sai batun ƙaddara. Akwai hadisin da ya kore cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, kuma shi ake yawan jawowa. Amma a littattafan hadisin dai akwai umarnin kada a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, da umarnin kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Malamai da yawa sun haɗa su da cewa Allah ne mai saukar da cuta, kuma Shi ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda ya sanya wuta sababin ƙuna. Labarin Sayyidina Umar yana cikin Muwaɗɗa, littafin da kowane almajirin Malikiyya yake girmamawa: yana kan hanyar Sham ya ji annoba ta sauka, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. A Andalus, bayan babbar annobar 1348, wazirin Garnaɗa Ibnul Khaɗib ya rubuta cewa lura ta tabbatar cuta na bin tufa da kwano da jirgin ruwan da ya zo daga garin annoba, waɗanda suka keɓe kansu kuma suna tsira. Ya faɗi haka shekara 500 kafin Koch.

Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a kan wannan turba ya tsaya a 2020. Da gwamnati ta hana taruka a tsakiyar Maris, ya umarci Musulmi su yi salla a gida, kuma da allurar rigakafi ta iso a 2021, dattijon da ya haura shekara 100 ya miƙa dantsensa. Wanda ya ce tawakkali ne ya hana shi wanke hannu, sai ya faɗa mana ko ya fi wannan bawan Allah tawakkali.

To amma me ya sa maganar likita take shiga kunnen ɗan Zango da ƙyar? Tarihi yana da amsa, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Ilimin ƙwayoyin cuta bai iso Zango da fara'a ba, da gatari ya zo. A farkon 1908 annobar ɓeraye ta sauka a Accra, aka turo Farfesa William Simpson daga Landan, aka killace gari, aka rushe gidaje a tsofaffin unguwanni. A shekarun da suka biyo baya ne aka bubbuɗe sababbin matsugunai irin su Adabraka, Malam Baƙo kuma ya ja mutanensa suka kafa Sabon Zango. A 1924 annobar ta sauka Kumasi, nan ma Zango ne ya sha rusau aka sake masa wuri. Turawan mulki suka ware wa kansu unguwar Ridge da sunan kiyaye lafiya, nesa da baƙar fata. Sannan ga duba-gari, waɗanda a Ghana ake kira tankas ko samansaman, masu leƙa randa, in sun ga tsutsar sauro su rubuta sammaci. Kakanninmu sun san "ƙwayar cuta" a matsayin kalmar da ke zuwa kafin tara ko rusau. Ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu ita.

Matan Makola ma sun san hannun hukuma. A watan Agustan 1979 sojoji suka tarwatsa kasuwar da nakiya, da zargin ɓoye kaya da tsawwala farashi. Labarin Kano kuma ya iso Zango ta bakin fatake da 'yan uwa: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a lokacin sanƙarau na 1996, da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Zargin yana da tushe. Amma a duba wanda ya biya kuɗinsa: bayan ƙauracewar Kano, shan inna ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Ghana, kuma yaran talakawa ne suka shanye, ba na waɗanda ake jin haushi ba. A Afirka ta Kudu, shakkar da Shugaba Thabo Mbeki ya nuna kan cewa ƙwayar HIV ce ke kawo ƙanjamau ta jinkirta raba magani, masu bincike na jami'ar Harvard suka ƙiyasta rayuka fiye da 330,000 ne suka salwanta a dalilin haka.

Akwai kuma dalili na uku, wanda masu wa'azin tsabta daga ofis ba sa son ji. Da wuya mutum ya riƙe imani da abin da ba shi da ikon yin komai a kansa. Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya samu fili daga iyalan Odoi Kwao, ta kuma cika ta batse a wajen iyakar birni, ba tsarin titi, ba magudana, ba famfo. Har yau gidajen haya da yawa masu ɗakuna goma ko ashirin ba su da ban-ɗaki, domin mai gida ya mayar da wurin ɗakin haya. Ana bin layi a na kuɗi, da dare kuma leda ce, a jefa a babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi ta gangara kogin Odaw. Bututun ruwa na roba suna bi ta cikin wannan kwata, in an ɗauke ruwa matsi ya faɗi, sai su zuƙo abin da ke kewaye da su ta inda suka tsage. Ana sayen ruwa a galan mai rawaya, wanda ake kira galan Kufuor, a biya kowane ɗaya. 'Yan kayaye, 'yan matan arewa masu dakon kaya a Makola, da yawansu a bakin shaguna suke kwana, wanka da kuɗi, bayan gida da kuɗi. Ka ce wa irin wannan yarinya hannunta cike yake da ƙwayoyin cuta, ba ka ba ta ruwa ba, ba ka ba ta sabulu ba, tsoro kawai ka ƙara mata. Cewa "Allah ne ke tsarewa" ya fi sauƙin ɗauka zuwa wurin kwana. Duk wannan kuwa tafiyar ƙafa ce daga fadar shugaban ƙasa.

An kafa Asusun Raya Zango da doka a 2017, har da ma'aikata ta musamman, wadda aka rushe a 2021. Da za a tambayi likitan yara abin da ya kamata a fara da shi, ban-ɗaki da famfo zai ce, kafin filin ƙwallo.

Wani abin mamaki shi ne, mutanen da ke shakkar ƙwayoyin cuta su ne manyan masu sayen maganin kashe su. A Makola da kasuwar Nima ta ranar Laraba, a cikin mota da bakin tasha, ana sayar da kafso ƙwaya biyu, ƙwaya uku, ba takardar likita. A sha don mura, a sha don ciwon jiki, a farke a barbaɗa a gyambo, a daina da zarar an ji dama. Da mai sha ya san cewa yaƙi yake yi da wata halitta mai rai, mai haihuwa cikin mintuna, wadda in ba a gama da ita ba masu taurin cikinta ne za su rage su hayayyafa, da bai yi wasa da shi haka ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Mura kuwa ƙwayarta daban ce, kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Masu cewa wannan ilimi na Turawa ne ya kamata su ji labarin Asibi. A 1927 wani likita mai suna Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani matashi mai wannan suna a garin Kpeve, wanda zazzaɓin shawara ya kama. Asibi ya warke. Daga jininsa aka samu ƙwayar, aka tabbatar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana wucewa ta matatar da ke tare sauran ƙwayoyi. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya mutu a Legas a 1927, Hideyo Noguchi na Japan ya mutu a Accra ranar 21 ga Mayu 1928, shi da ya daɗe yana riƙe da wata ƙwaya daban a matsayin sanadin cutar, kuma gwaji ya nuna ba ita ba ce. Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafin 17D a 1937, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1951, kuma shi ake yi har gobe. Duk Alhaji da Hajiyar da suka tashi daga Nima zuwa Makka da katin rigakafin nan mai rawaya, jikar ƙwayar da aka ɗiba a jinin ɗan ƙasarsu ce aka tsira musu a dantse. Cibiyar bincike mai sunan Noguchi, da aka buɗe a Legon a 1979, 'yan Ghana ne ke tafiyar da ita, kuma ita ta ɗauki mafi nauyin gwajin korona a farkon annobar.

Ghana ta taɓa sauya tunanin jama'a a kan ruwa, kuma iyayen 'yan Zango da yawa shaidu ne. A 1989 an ƙirga masu kurkunu kusan 180,000 a ƙasar, arewa kuma ta daɗe tana fama da shi bayan kudu ta samu sauƙi. Mutane da yawa sun ɗauka a jini yake, ko jifa ne. Abin da ya yi aiki shi ne 'yan sa-kai daga cikin ƙauyen, da ƙyallen tacewa, da kwalba: a ɗebo ruwan tafki a ɗaga a rana, kowa ya ga ƙananan halittu suna tsalle a ciki, a tace a sake ɗagawa. Gani ya kori ji. Mutum na ƙarshe ya kamu a watan Mayun 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta rabu da kurkunu a farkon 2015.

Irin wannan nunin ne ba a taɓa yi wa Zango da gaske ba. Madubin likita ba tsada gare shi ba kamar da. A kawo shi makarantun Islamiyya da harabar masallacin Juma'a, a ɗiga ruwan kwata a ƙarƙashinsa, limami ya fara leƙawa, sannan magajiya, sannan yara. A sa mai sayar da abinci ta dafa yatsunta a farantin gwaji kafin sabulu da bayan sabulu, a dawo mata da shi bayan kwana biyu ta gani da idonta. Akwai 'yar kwalbar gwaji mai arha wadda ruwan cikinta ke komawa baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu in bayan gida ya taɓa shi. A gwada tankunan da ake sayar da ruwa a lunguna, a gaban masu saye. Ma'aikatan ɗakin gwaji na Asibitin Maamobi da ɗaliban Legon da Korle Bu, waɗanda cikinsu akwai 'ya'yan Zango masu jin Hausa, za su iya wannan a ranakun Asabar. Sarauniyoyin kasuwa a Makola, da ke iya hana buhun tumatir sauka in ba su yarda ba, suna da ikon da za su ce ba mai sayar da abinci a layinsu sai da ruwa mai zuba da sabulu.

Malamai kuma su ƙara jimla ɗaya a babin ruwa, duk lokacin da suka karantar da shi: wannan hukuncin alwala ne, na sha sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin. A koya wa kowace uwa haɗin ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a fara ba mai gudawa tun a gida ana kan hanyar asibiti. In an samu kulawa da wuri, cikin masu kwalara 100 ko ɗaya ba ya mutuwa.

Kwalara ta fara shiga Ghana a 1970, kuma ta sake dawowa a Oktoban 2024, ta faro daga garin Ada ta bi gaɓar teku, har aka yi rigakafin ɗigawa a baki a Kasoa, Sekondi-Takoradi da sassan Accra. Kariyar wannan ɗigo ta ɗan lokaci ce. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu, suna da dokar da ta wajabta wa mai gida gina ban-ɗaki. Su tilasta ta, tare da rancen da zai sa ginin ya yiwu, su fitar da bututun ruwa daga cikin kwata, su kuma riƙa auna kulorin a tankokin masu sayar da ruwa kafin damina ta sauka, suna manna sakamakon a jikin tankin da Hausa, da boko da ajami.